Turaren Inna a Sabon Kanti

Filin da aka gina katafaren kantin nan, da can makanikai ne a cikinsa. In muka wuce a taksi daga unguwarmu Bukoki, Inna takan leƙa ƙarafan da ake kafawa ta taɓe baki, wai wa zai hau sama don sayen sabulu. Da aka gama ginin, ita ta riga kowa zuwa neman butik, wato shago, a ciki.

Turaren wuta take haɗawa tun ban san kaina ba, a rumfa, bakin kasuwa. Aka ba ta wani ɗan ɗaki na gilashi a hawa na biyu, tsakanin mai sayar da salula da wata 'yar Zabarma mai takalman yara. Na ji daɗi ƙwarai, don ƙafafunta sun gaji da rana.

Ranar buɗewa ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa sandal don neman albarka. Kafin hayaƙin ya kai rufi, ƙararrawar gobara ta ɗauki kuka. Mai salula ya kwashi kayansa ya yi waje. Mai gadi ya iso yana haki.

"Hajiya, an hana wuta a nan. Ko ashana."

"To, ɗana, da mi za su shinshina? Da ido?"

Gaskiyarta. Babu macen da za ta sayi turare ba ta ji shi a wuta ba. Mata suka riƙa shigowa, su buɗe kwalba, su rufe, su ce sai sun dawo. Inna ba ta yi ƙorafi ba, amma na ga ta daina cin abincin rana, kuma ta fara tambayar ko an ba wani rumfarta.

Dabarar ta zo mata ne a wurin wanki. Ta yanyanka tsohon farin zane, kullum da safe a tsakar gida mu kifa kwando a kan kasko, mu turara ƙyallayen, kowane da irin nasa, mu rufe su a kwanonin sha. Mu shiga taksi da su kamar masu kai abinci asibiti.

Wadda ta fara gwadawa wata tsohuwa ce daga unguwar Kirkisoy, abokiyar cinikinta tun a rumfa, jikarta ta riƙo ta har sama. Inna ta buɗe kwano ta miƙa mata ƙyalle. Tsohuwar ta kara a hanci, ta lumshe ido, ta daɗe.

"Wanga ne kika haɗa mini da zan aurar da autata. Zuba mini, kuma gobe ina turo maƙwabtana."

Inna ta juya wajen kwalabe tana share ido da bakin mayafi. Ta buɗe baki za ta ce hayaƙi ne, sai ta dubi ɗakin, ta fashe da dariya.