Ɗanyen Jinin Baba

Shekarar da ƙaya ta soke Baba a gona, ana dab da girbin hatsi, da ƙyar muka raba shi da garinmu Karofane. Ƙafa ta kumbura, zazzaɓi ya ƙi sauka, shi kuwa sai ya ce gajiya ce. Da na gaji da lallashi na saka shi mota sai asibitin Madawa. Aka ɗebi jininsa, kashegari muka koma jin sakamako.

Likitar mace ce mai fara'a. Ta ce fararen ƙwayoyin jininsa, masu yaƙi da cuta, sun yi yawa, kuma a cikinsu akwai ƙanana waɗanda ba su gama girma ba. Wurinsu cikin ɓargo ne, inda ake ƙera jini, ba su cika fitowa ba sai sun ƙosa.

"Ɓargo?" in ji Baba. "Wanga da muke tsotsa ran layya? Can jini ka hitowa?"

Ta yi dariya ta ce can ne. In cuta ta yi ƙarfi, jiki yakan turo har ƙananan, kamar mai gona da aiki ya yi wa yawa ya kira yaran gida. In ciwon ƙafar ne ya jawo, za su ragu da magani. In ba su ragu ba, to wataƙila ɓargon ne da kansa ba lafiya, sai mu wuce babban asibitin Yamai. Ba ta faɗi sunan ciwon ba, amma na gane dajin jini take nufi.

Ni dai tun ina yaro Allah ya yi ni da bin ƙwaƙƙwafi. Na roƙi mai aikin labo, ɗakin awon jini, ya bar ni na leƙa na'urarsa mai ƙara girman abu. Jinin ubana ne aka shafa a gilashi aka rina. Manyan ƙwayoyin, cikinsu ya rarrabu kamar dutsen wuya a zare. Ƙananan kuwa cikinsu a dunƙule yake, wasu sun ɗan lanƙwashe kamar ƙwayar wake. Na daɗe ina kallo har na manta da tsorona, sai da mutumin ya yi gyaran murya.

Baba ya riga ya yanke nasa hukuncin. Da muka koma masauki, gidan ƙanwarsa, ya ce, "Ka ji dai mi lokotoro ta ce. Ɗanyen jini na. Aikin wanzami na, a sa ƙaho a hidda shi."

Na ce ba a ƙarƙashin fata suke taruwa ba, daga ƙashi suke fitowa. Ya ce kakanninsa da ƙaho suka tsufa. Na ce an hana. Ya ce to, irin to ɗin da ba ya hana shi komai. Allura dai ya karɓa, ƙwayoyi ya sha, ana wanke ƙafar kullum. Ranar kasuwa ya ce zai je gaida wani aboki, ya dawo da yamma yana zama a karkace, bai yarda bayansa ya taɓa bango ba.

Da muka koma asibiti, likitar ta ɗaga rigarsa za ta saurari ƙirji, sai ga shatin ƙaho jere a baya. Ta yi masa faɗa sosai, ta ce mai jinya irinsa ba ya wasa da aska. Ya sunkuyar da kai kamar ɗan lakwal a gaban malaminsa. Aka sake ɗibar jini. Jiran nan ya fi mini komai wuya, shi kuwa yana ta tsokanar masu shara.

Sakamako ya fito: ƙananan sun ragu ƙwarai, saura kaɗan. Ta ce ba maganar Yamai, a gama magani a dawo awo.

"Wanzamina ya iya aiki," in ji Baba. Ta girgiza kai, ni kuwa murna ta hana ni gardama.

A tasha, muna jiran motar Buza da za ta kai mu gida, ya miƙo mini wani ƙunshi daga jakarsa. Na buɗe, farin yadi ne sabo fil. Ashe ranar kasuwar ba wanzami kaɗai ya gani ba, likkafaninsa ya saya, bai gaya wa kowa ba. Na tsaya ina kallon yadin.

"Mi kake kallo?" ya ce. "Kai ma tela shi yi min riga da wando. Ka ce mashi shi sa aljihu babba."