Taubashiyar Babanmu a Zaman Makoki

Tun da aka fita da gawar Baba, Inna ba ta yi kuka ba, ba ta kuma sa komai a bakinta ba. Tana zaune a kan tabarma a ɗakinta a garinmu Balan, ido a bushe, tana kallon bango. Ga ta da hawan jini. Na kai kunu ya huce, na kai fura ta yi tsami. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga alamar za mu yi rashi biyu a damina ɗaya.

Mata sun cika tsakar gida, kowa na magana ƙasa-ƙasa. Masu cewa a yi haƙuri kuwa har sun fara ba ni haushi. Haƙurin ne ai yake neman kashe ta.

Ana haka sai ga taubashiyar Baba daga Gafasa, wata tsohuwa mai kiwon shanu, wadda tun suna yara ba sa haɗuwa ba su yi wa juna tsiya ba. Na san bakinta.

Ta wuce kowa, ta zauna gaban Inna. Ko gaisuwar ta'aziyya ba ta gama ba ta ce, "Yanzu ragon mijin nan naki da ya ga gero ya isa girbi, shi ne ya gudu ya bar mu da aiki?"

Wata gwaggo ta fara salati. Ni kuwa na miƙe, niyyata in ja ta waje ko da za a ce ba ni da kunya.

Sai na ji wani sauti daga bakin Inna, kamar tari. Dariya ce. Ta ce, "Wallahi Yaya, bara ma ciwon baya ya ƙirƙiro." Dariyar ta ci ƙarfinta har ta kifa kai a cinyar tsohuwar, daga nan ta rikiɗe ta zama kuka mai ƙarfi. Ba wanda ya hana ta. Da ta lafa, da kanta ta ce a ba ta ruwa.

Can na zaga bayan rumbu ɗebo itace, na tarar da tsohuwar a durƙushe, ta toshe baki da mayafi, hawaye na zubo mata. Ta ɗago ta harare ni.

"'Yar nan, kul kika faɗa wa uwarki."