Gilashin Aro da Dodon Hoton Baba

Shekarar da aka toshe kogi a Kainji, ruwa ya hau ya rufe ƙauyenmu, a shekarar ce idon Inna na hagu ya mutu. Na dama ya rage, shi ma yana tafiya. Ciwon nan ne na mutanen bakin kogi, mai farawa da ƙaiƙayin jiki ya ƙare a ido. Lokacin da aka kwashe mu zuwa sababbin gidajen da gwamnati ta gina kusa da Yelwa, tana gane fuskata daga bakin ƙofa. Kafin a yanke gero, sai na durƙusa a gabanta take gane ni.

Baba ya rasu damina ɗaya kafin tashinmu, kabarinsa yana ƙarƙashin tafkin. Bai taɓa zama gaban mai hoto ba. Amma wani malamin safiyo da ya zo ƙidayar gidaje ya sauka a zaurenmu, ya ɗauki hotuna da wata ƙaramar kyamara. Da ya dawo ya ji rasuwar, sai ya ba ni wani siririn fim a cikin ambulan. Ya ce takardun hotunan sun shiga ofis, amma ga dodon, wato baƙin da ake wanke hoto daga gare shi. Hoto shida ne a jere, kowane a gidansa, kowane gida bai fi gaɓar babban yatsa ba. Idan na ɗaga shi sama ina ganin Baba a gida biyu, a ɗaya fuskarsa ta fito fara-fara, ba ta fi ƙwayar gero ba.

Inna ta shafa shi da yatsa ta ce, "Wanga abu ka ce ubanka na ciki? To ka hiddo min shi in gani tun ina gani."

Na kai wa mai hoto na bakin kasuwar Yelwa. Dattijo ne mai gajeren haƙuri, aikinsa hoton fasfo da babban akwati mai ƙafa uku. Ya duba fim ɗin ya ce a yadda yake zai iya buga shi, amma zai fito daidai girmansa.

Na ce, "Baba, wadda za ta duba ba ta ganin tafin hannunta sosai. Sai dai ya kai faifai."

"Faifai! Ka ji ɗan masunta. Shigo ka ga."

Ya kai ni ɗakin duhun da yake wanki, ya yaye buhu daga kan wani inji mai wuya irin zugazugin maƙera. Ya saye shi a gwanjon kayan Turawan da suka gama aikin dam. Aikinsa ƙara girman hoto: haske ya bi ta cikin dodo, ya ratsa wani ɗan gilashi a baki, ya faɗa kan takarda da girma. Ɗan gilashin nan ne babu. Sai rami kawai a bakin injin, mai murɗi a ciki kamar bakin kwalba.

Ya ce, "Samo min abin da zai zauna nan, in yi maka faifanka."

A lokacin ban san baƙi ko ɗaya na boko ba, sai da na manyanta na shiga ajin yaƙi da jahilci. Akwai lambobi a jikin ramin, amma ni zane kawai nake gani. Don haka na auna faɗin ramin da karan ciyawa, na karya shi daidai, na soke a hulata. Da shi na yi yawo.

Mai gyaran agogo ya ba ni gilashin da ya ciro daga tsohon madubin hangen nesa. Muka riƙe shi da hannu a bakin injin, tsakiya ta fito, gefe duk hazo. Malamin asibiti ya ba ni gilashinsa na duba rubutu, wannan ma bai yi ba. Kwana goma sha ɗaya suka tafi a haka. Kullum da safe nakan durƙusa in gaishe da Inna, ina lura da inda take fara gane ni. Da farko kamu biyu ne tsakaninmu. Ya koma kamu ɗaya da rabi.

Wani direban kwalekwale ne ya gaya mini labarin wani akwati da ke garin Wara. Akwai wani mai hoto ɗan kudu da ya zauna can shekaru, ya tafi lokacin tashin hankalin da ya zo kafin yaƙi, ya bar kayansa a hannun mai gidan da yake haya. Na bi jirgin kasuwa. Hanyar ta bi ta kan gonakin da ruwa ya ci, kawunan itatuwa na leƙowa, direba na kauce musu da hankali don kada su huda mu.

Mai gidan tela ne. Ya saurare ni har na gama, ƙafarsa ba ta bar keke ba.

Ya ce, "Kayan amana ne. Mai su bai ce in sayar ba, bai ce in bayar ba. Ko yana da rai ban sani ba."

Na ce ba saye na zo ba. Na kwana biyu a zaurensa ina tsinke masa zare, ban sake tayar da maganar ba. A rana ta uku ya jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. A cikin gwangwanin taba, naɗe da auduga, ga gilashin, baƙi, mai nauyi, da murɗi a gindinsa. Na zaro karana na gwada. Ya zo daidai, ko kusa da daidai.

Ya ce, "Kasuwa mai zuwa nike son shi nan. Yadda ka ɗauka."

Na iso Yelwa da murna. Mai hoto ya sa shi a ramin ya murɗa, sai ya zarce ya faɗo a tafin hannunsa. Ya fi ramin ƙanƙanta da abin da bai kai kaurin farce biyu ba.

"Da mi ka auna?"

Na nuna masa karan. Ya dube shi ya dube ni. "Ciyawa ta bushe a hularka, kai kuma kana yawo da ita awa sandar awo."

Maƙeri ya ce zai iya yin zobe, amma sai ya gwada gilashin a jikin ƙarfe mai zafi. Na tuna fuskar tela, na karɓe abina. Daga nan na wuce bakin ruwa wajen kawuna, ƙanen Inna, masassaƙin jirgi. Ya juya gilashin a hannu, bai tambayi amfaninsa ba. Ya yanko sakainar ƙwarya mai kauri, ya fafe rami a tsakiya da ƙaramar wuƙa har gilashin ya zauna, ya gyara gefen ya shiga bakin injin. Inda haske ke yoyo ya toshe da kwaltar da yake liƙe jirgi da ita.

Ya ce, "Ruwa bai wuce ta, bare haske. Amma kak ka bari ta ji zahi."

Saura kwana biyu kasuwar Wara. A safiyar nan sai da na kai fuskata kamu ɗaya kafin Inna ta ce, "Kai ne?"

Babu lantarki a shagon, ko da yake don lantarkin aka tashe mu. Da rana mai hoto ya shirya yin aikin. Ya huda tagar katako, ya kwantar da injin bayansa na kallon hudar, ya manna takarda a bango. Ni ya sa ni a waje da madubi, in riƙa tura rana cikin hudar. A bakin hudar ya rataya farin ƙyalle. Bai gaya mini dalilin ƙyallen ba, ni kuma ban tambaya ba. Na ɗauka don ƙura ne.

Muka fara da hantsi, da gidan da Baba ke kallon kyamara sosai. Ina jin muryarsa ta cikin katako.

"Dama kaɗan. Tsaya nan. Ga shi! Ga hula, ga gemu. Kak ka motsa."

Gumi na ta shiga idona. Sai na ji ya yi tsaki. Rana ta ɗumama injin, kwalta ta yi laushi, gilashin ya sunkuya, hoton ya watse. Ya shiga gyarawa da yatsa, yana faɗa. Can gajimare ya taso ya rage ranar.

"Haske! Ba ni ganin komi! Ƙaro haske!"

Na karkata madubi iyakar iyawata. Ya sake yin ihu. Na duba na ga ƙyallen nan ne ke tare rabin hasken. Na sa hannu na fizge shi. Daidai lokacin gajimaren ya wuce.

A bayan injin akwai wani ƙaton gilashi mai tara haske wuri ɗaya. Ban san da shi ba. Abin da na fara ji wari ne, kamar an ƙona ƙaho. Sai salatin mai hoto. Ya banko ƙofa ya fito da fim ɗin a hannu, yana hura shi. Gidan da muke aiki a kai ya zama rami mai baƙin gefe, na kusa da shi biyu sun nannaɗe.

Bai zage ni ba. Ya zauna a kan benci ya ce, "Laihina ne da ban hwaɗa maka ba." Sannan ya ɗaga abin da ya rage sama ya duba. Ɗaya gidan da Baba ke ciki yana can ƙarshe, wuta ba ta kai gare shi ba.

Muka jira la'asar. Ya naɗe sakainar da tsumma mai ruwa don kwalta ta daskare, ya ɗaure wani ƙyallen da igiya da hannunsa. Na riƙe madubi har kafaɗata ta mutu. Da ya buɗe ƙofa, takardar na ɗiga a hannunsa, faɗinta ya kai faifai.

Baba ne a ƙofar zaurenmu, da taru a kafaɗa. Amma ya juya yana magana da wani a cikin gida. Ƙeya ce, da kunne, da gefen gemu.

Na kai wa Inna tun takardar ba ta gama bushewa ba. Ta fito tsakar gida inda rana ta rage, ta kai ta har kan hancinta, tana bin ta a hankali daga sama zuwa ƙasa da idon nan ɗaya. Ni da kawu muna tsaye.

Ta ce, "Zaurenmu ne. Ga tarun da na hana shi saye." Ta ƙara matso da ita. "Shi ne. Kunnensa ne. Ina huskar?"

Na gaya mata gaskiya, duk yadda aka yi. Ta ci gaba da duba ƙeyar har magariba ta hana ta. Kafin azumin shekarar idon ya rufe.

Washegari na goge kwalta da kananzir na mayar wa tela gilashinsa. Ya ga inda wuƙar kawu ta karce baƙin fentin gindinsa, na ce ni na jawo. Ya naɗe shi a auduga ya mayar cikin gwangwani, bai amsa sallamata ba.

Cikin gida shida, uku sun ƙone: ɗaya na rumbunanmu, ɗaya na mashigin jirage, ɗaya na fuskar Baba. An yi asarar takardar hoto huɗu da farin ƙyalle ɗaya da na yaga. Kwana goma sha tara na yi ban jefa taru a ruwa ba.