An Auna Goggo, Ba a Sa Mata Komai Ba

Goggo tela ce, kuma tun tasowata ban taɓa ganin tef ɗin awo a wuyanta ba. Kallo ɗaya za ta yi miki, ta kama yadi ta yanka. In kin yi magana ta ce, "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima." Taurin kai kuwa, sai wanda ya gani.

Da ƙirjinta ya fara riƙewa in ta hau matakala, ni na kai ta asibiti. Likitan zuciya ya ce za su shiga ta jijiyar hannu su duba, in hanyar jini ta toshe su sa ɗan ƙarfen da zai buɗe ta. Idonta biyu aka yi aikin. Ta ga jijiyar zuciyarta a allo, ta tsuke a tsakiya kamar an ɗaure bakin buhu. Suka zura siririyar waya, suka ba ta wani magani da ya sa ƙirjinta ya yi zafi na ɗan lokaci, sannan ya lafa.

Aka turo ta tana murmushi. "'Yata, an gyara. Har iska nake sha daban."

Sai ga likita. "Mama, albishirinki. Ba mu sa komai ba."

"To wayar fa?"

"Awo ne. Mun auna ƙarfin jini kafin matsatsin da bayansa. Bai ragu sosai ba, jini na wucewa yadda ya isa. Magani za ki riƙa sha."

"Amma na gani da idona ta tsuke."

"Ta tsuke, amma ba ta hana aiki ba. Ƙarfen ma yana da nasa haɗarin."

Goggo ta dube ni, ni ma na dube ta. Wallahi ni kaina na rasa gane ko murna za mu yi. Nan take ta dafe ƙirji ta ce ciwon ya dawo.

Ta rufe shago. Kullum tana zaune a tsakar gida, ba ta ɗaga ko buta, wai kada abin ya ƙarasa tsukewa. Masu kawo ɗinki suna ta sallama a gida. Na yi bayani har na gaji, rannan dai haushi ya kama ni.

"Goggo, likita ya ce ki riƙa motsi! Zaman nan ne zai kashe ki."

"Ke kin gane abin da ya faɗa?"

"Rabi."

"To ni tsoro nake ji."

Ban taɓa jin ta faɗi haka ba.

Washegari ta sa na raka ta shago. Ta haɗiye maganinta, ta yaye zanen da ta rufe keken ɗinki da shi, ta shimfiɗa yadin da aka kawo mata a kai, ta ɗora ƙafa a kan feda, ba ta taka ba tukuna.

"Jawo kujera ki zauna kusa," in ji ta. "In na faɗi, ki fara tare keken. Yadin nan na mutane ne."