Iddar da Ta Ƙi Ƙarewa

A zamanin Turawa, lokacin da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a Batsari, ni baduku ne a kasuwa. Da rana in ɗinka takalma, da la'asar in zauna da 'yan ƙananan littattafan da ake sayarwa a bakin kasuwa. A cikinsu na koyi cewa duk wanda ya yi haƙuri a kan mace, ƙarshenta tasa ce. Na yarda da wannan har zuciyata.

Wadda nake magana a kanta 'yar garin Wagini ce. Tun tana budurwa nake son ta, ina ta shirya kalaman da zan faɗa mata, har wani manomin gyaɗa daga Safana ya riga ni. Da na ji ya yi mata saki ɗaya ta dawo gidan ubanta, sai na ce littattafai ba su yi ƙarya ba. Ba a neman mace tana cikin idda, don haka na kama bakina. Sai dai na saba da gwaggonta mai sayar da daddawa kusa da rumfata, tana ɗan gutsura mini labari.

Shari'a ta ɗora wa mijin ciyar da ita har ta gama. Duk ranar kasuwa sai ya zo ya ɗaura wa jakinsa gero, ya bi ta gabana ya nufi Wagini. Gajere ne, ga faso a ƙafa, ko sallama bai iya yi da daɗi ba. Wata rana na hangi ƙwaryar man shanu da 'yar kwalbar turare a kan kayan. Basilla ta soke ni a yatsa ban ji ba. Shari'a ta ce abinci, wa ya ce turare?

Damina ta wuce, aka yi girbi, shiru.

"Gwaggo, har yanzu ba ta gama ba?"

"Ɗan nan, kai ke ƙirga mata? Ta ce tana da kwantacce."

Wato ciki ne da ya yi barci a mara, ba ya girma, ba ya fita, sai ran da Allah ya tashe shi. Ubanta ya gaji da zaman, ya kai magana gaban alƙali, ni ma na raɓa daga baya kamar mai wucewa. Alƙali ya tambaye ta, ta amsa a hankali daga cikin mayafi. Ya ce mace ita aka amince wa a kan abin da ke cikinta, iddar mai ciki kuwa sai ta haihu. Na dubi mijin. Yana sosa gemu, ko a jikinsa.

Na je wurin malamin unguwarmu. "Allah gafarta Malam, har yaushe kwantacce ke kwanciya?"

"Yana iya ɗaukar shekaru."

"In kuma mijin ya ce ya mayar da ita fa?"

"Magana ɗaya ce. Ba sabon sadaki, ba goro." Ya dube ni ta wutsiyar ido. "Kai meye naka?"

Na koma kan gwaggo. "Tsakaninki da Allah, akwai cikin nan?"

Ta yi dariya har tana riƙe haƙarƙari. "Ni ungozoma ce? Abin da na sani, yarinyar nan ba ta son ƙofa ta rufe mai gida bai huce ba. Ka samu wata, baduku, kafin gemunka ya yi fari."

Kafin ruwan shuka ya sauka mijin ya mayar da ita. Da ta haihu daga baya, mutane suka ce kwantacce ya tashi, aka yi suna a Safana, ban je ba.

Ban taɓa sanin ko akwai cikin tun farko ba, kuma ba wannan ke cin raina ba. Mutumin da ya kore ta da bakinsa, saboda shi ta tsaya gaban alƙali, domin kada ya rasa hanyar dawowa. Ni da na jira ta da ladabi, ban tabbata ma ta san ina jira ba.