Layin da Saliha Ta Ƙara wa Saƙon Baƙi

A ƙofar wani kamfanin sayen tumatir da ke hanyar Bunkure akwai mai karɓar baƙi, Saliha, siririya, hannun tabaraunta ɗaya ɗaure da zare. Duk wanda ya zo sai ta shigar da sunansa a kwamfuta, manhajar ta tura wa manaja imel iri ɗaya: "Kana da baƙo." Yadda take kallon kwandunan da ke waje, da gani 'yar manoma ce.

A gabanta wani dattijo ne zaune, laka ta bushe a ƙafafunsa.

"'Yata, kin dai faɗa masa kayan sun fara ruwa?"

"Baba, abin nan suna kawai yake kaiwa."

"To ai ba sunana ne ke ruɓewa ba."

Ta ciji leɓe, ta buɗe wurin da ake gyara saƙon. Ta san duk abin da ta rubuta a nan zai bi kowane baƙo, ba dattijon kaɗai ba. Ta leƙa jerin motocin tumatir da ke tsaye cikin rana, ta ga kayan kowa lalacewa suke yi, babu wanda za ta yi wa ƙarya. Sai ta ƙara: "Tumatirinsa yana lalacewa."

Imel ya tafi. Manaja bai sauko daga ofishinsa na sama ba.

Dattijon ya fita, ya yaye ganyen da ya rufe kwando, yana tsince waɗanda suka fashe yana jefawa a kwata. Saliha tana kallonsa ta gilashi, yatsunta a kan madannai, ba sauran abin da za ta ƙara.