Ɗigo Huɗu a Bangon Ɗakina

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan nan, da hantsi, Allah Ya karɓi ran kakana, mahaifin Mama, bayan jinyar kwana shida. Shi Ya ba mu, Shi Ya karɓa, kuma wurinSa dukanmu za mu koma. Kaka, ka san ban iya magana a gaban mutane ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

A gidanmu ƙofa ba ta kwana biyu tana ƙara. Kai ke ɗaure ƙafar kujera, kai ke mayar da mariƙin tukunyar Mama, maƙwabta su aiko da fanka ka gyara, ko godiyar ba ka tsayawa ji. Ni kuwa "Uwar littattafai" kake kirana. In ka same ni kwance da littafin soyayya sai ka leƙo ka ce, "Shi wannan saurayin na cikin takarda, ya iya kafa ƙusa kuwa?" In rufe fuska da filo, ka wuce kana dariya.

Wata biyu da suka wuce ka ga littattafaina jibge a kwali, damshi ya fara cin na ƙasa. Ka ce za a kafa mini kanta a bango, in jera su a kai. Tsohon injinka na huda bango nauyi gare shi, wayarsa duk ta sha ɗauri, sai ka ce in raka ka mu zaɓo marar waya, mai batir.

A shagon ka sa aka jera guda uku kan tebur. Ka tambayi mai shago ko da batir biyu suke zuwa, awa nawa suke ɗauka a caji, kuma suna cin siminti ko katako kawai. Sannan ka miƙo mini babban.

"Ɗaga shi sama da kanki, ki ƙirga talatin. In hannu ya yi rawa, ba shi ba ne."

Kaka, shagon cike yake da mutane. Na tsaya hannu a sama kamar ɗalibar da aka sa horo, har wata mata ta ƙyalƙyale da dariya. A tara na sauke babban. Na biyun ya kai ni ashirin. Ƙaramin ne ya kai talatin, mariƙinsa ya zauna daidai tafina.

Mai shago ya ce, "Baba, babban fa ya fi ƙarfi."

Ka ce, "Na sani, ɗana. Naɗe mana ƙaramin."

Muka iso gida. Ka auna bangona, ka sa ɗigo huɗu da fensir, ka ce in zo ka nuna mini yadda ake riƙewa. Na ce sai na gama babin da nake kai. Bayan kwana biyu ka sake kira, na ce gobe. Na ukun ma gobe na ce. Ba babin ba ne, Kaka. Fushin dariyar matar nan nake yi.

Sai bayan rasuwarka Mama ta gaya mini cewa tun bara hannunka na dama ke rawa, shi ya sa kullum yake cikin aljihu. Ranar da muka dawo daga shagon ka ce mata, "Ba don kaina na saya ba. Gidan nan yana bukatar mai gyara." Ni da nake gane son da aka ɓoye a littafi tun daga shafi na biyar, ban taɓa tambayar kaina me ya sa hannuna aka gwada ba naka ba.

Jiya na yi wa ƙaramin injin caji. A ɗigon farko bakin injin ya zame, ramin ya yi faɗi. Na zauna na yi kuka, na tashi na huda sauran ukun, na kafa kantar. Kantar ta ɗan karkata hagu. Kawu ya ce bari ya daidaita ta, na ce a bar mini ita haka. Ka yafe mini goben nan biyu.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Mama, Kawu, Inna ƙarama, da maƙwabtan da har yanzu fankarsu ke juyawa da gyaransa, Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa. Ƙofar kicin ta fara ƙara. Yau zan duba ta, Kaka, ba gobe ba.